Damin Ɓeraye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga babban yaron gidan nan, wanda ya san kansa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Zariya lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Isa da abin da ke gaba da ita, Ya rufe idon mugu daga motar da ka shiga. Na cusa takardar ne tsakanin garin kunu da ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san ko ka manta da buɗe littafin makaranta, ba za ka manta da ƙuli-ƙuli ba.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ne ɗan farina, tun da aka raɗa maka suna bai taɓa fita daga bakina ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, haka muka tarar iyayenmu suna yi. Babanku ya riga ya yi maka nasa wa'azin, na salla da karatu da abokan banza. Na ji shi ta bayan danga, bai rage komai ba. Ni abin da ya rage mini shi ne maganar wasan katin nan na waya, wanda a kansa kake fushi da ni. Kana gaishe ni da safe kamar mai gaida baƙuwa, ka ci tuwona ka ajiye kwano, sannan ka cire ni daga cikin abokanka na wasa. Na duba, na sake dubawa, har na aika wa mai caji wayar ya gani ko lalacewa ta yi. Ya aiko cewa wayar lafiyarta ƙalau, goge ni aka yi. To, gobe za ka tafi, ni kuwa ba na so ka tafi ka bar ni a goge.

Na kuma ji kana gaya wa abokinka Nasiru a zaure cewa ɗaliban can suna yin gasar wasan, wai da ka isa za ka taɓa kuɗin abincinka ka sayi katin nan mai tsada, Dodon Zinariya, don kada 'ya'yan masu hali su raina ka. Zauren gidanmu ba ya riƙe magana, ka sani. Saboda haka bari in ba ka labarin wautar da na tafka a wasan nan, in ya so ka ɗauki abin da za ka ɗauka.

Ka tuna yadda na shiga ciki. Jarrabawarka ce ta matso, kai kuma kullum kanka a sunkuye kan waya kamar kaza a kan tsaba, sai na ƙwace ta na jefa a aljihun keken ɗinkina. Ina ɗinki tana kuka, ina ɗinki tana kuka. Na ciro ta don in kashe, sai wani mai dogon gemu ya bayyana a fuskarta yana miƙo mini kati. Na ce bari dai in ga abin da ya haukata yaron nan. Ranar da ka gama jarrabawa na mayar maka da wayar, ka tarar matsayinka a wasan ya sauya, ka dube ni na dube ka. Washegari ka sa mini wasan a tsohuwar wayar babanku.

Kai ka fi ni sanin doka, amma ga yadda ni na fahimce ta. Kowa yana da sarkinsa, sarkin yana da jini, wanda jinin sarkinsa ya fara ƙarewa an ci shi. Kowane zagaye ana ƙara maka ɗigon ruwa ɗaya, kowane kati kuma yana da adadin ɗigon da yake sha kafin ya sauka fili. Katunan da ka zaɓa ka ɗaure wuri ɗaya su nake kira dami, tunda sunan da kuke kiransu da shi ba ya zama a bakina. Haka ma sunayen katunan duk na sake musu, don ba zan tsaya karya harshe a kan ɓera ba.

Wautata ta farko irin ta mai zaɓen atamfa ce. Duk katin da na ga yana walƙiya sai in jefa a damina. Giwa mai shan ɗigo takwas, Zaki mai rawani, wani maciji mai kai uku, duk na tara su. Aka fara wasa, hannuna cike da manya, ruwana ɗigo ɗaya. Zagaye na farko ban sauke komai ba, na biyu ma haka, na uku ina zaune ina kallon Giwata tana kallona. Wanda nake karawa da shi kuwa sai sauke ƙananan abubuwa yake yi suna cizon sarkina. Kafin ruwana ya kai na Giwa an gama da ni. Da na duba sunansa sai na ga Bayarabe ne, kuma ya aiko mini da fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ni Bagobira, a ce taubashina ya yi mini dariya a cikin ɗakina! Ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

To ka ji. Katin da ba za ka iya saukewa ba, ba naka ba ne, ko da yana hannunka. A Zariya za ka ga masu takalma masu haske da wayoyi masu ido uku. Ka bar su da Giwayensu. Kai ka duba ruwan da ke gabanka yau, ka sauke abin da ya isa, ka ci gaba.

Wauta ta biyu ita ce ta kaza. Bayan Bayaraben nan ya kunyata ni, sai na ce ai rashin manyan kati ne, in na sami Dodon Zinariya kowa zai shiga taitayinsa. Mai caji ya ce ana sayen ƙunshin kati a rufe, abin da Allah Ya ba ka a ciki shi ne naka. Na kama kazata mai wake-wake, wadda ta fi kowace saka ƙwai, na aika da ita kasuwa aka sayar, aka saya mini ƙunshi-ƙunshi. Na yi bisimilla na buɗe. Ɓera. Na buɗe na gaba, ɓera. Na gaba zakara ne, sai kuma wani ɓeran. Haka na zauna a bakin gado da tarin ɓeraye, babu Dodo babu kaza.

Da yamma kakarku ta zagaya garke tana ƙirga kaji da ido, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ke, ina kazag ga mai wake-wake? Ban gane ta ba tun da sahe."

Na ce, "Inna, ɓeraye sunka canye ta."

"Ɓeraye? Kaza ƙatuwa hakan ga?"

"Suna da yawa, Inna."

Ka san ban yi mata ƙarya ba. Sai dai washegari ta aro kyanwa daga maƙwabta, ta sa aka ɗaɗɗaga mini kayan ɗaki gaba ɗaya ana neman rami. Kyanwar nan da kake gani tana kwana a kan tabarmarka, asalin zuwanta ke nan.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Masu wasan nan ba wawaye ba ne, sun san da sun nuna maka Dodo yana fitar da wuta hankalinka zai tashi. Duk abin da aka ce ka biya tukuna sannan ka ga abin da ke ciki, ka riƙe aljihunka. Kuɗin abincinka na abinci ne. Ni kaza na rasa kuma ina da gero a rumbu, kai in ka rasa naka a can babu rumbun da za ka buɗe.

Ta uku ita ce ta koya mini wasan gaba ɗaya, kuma ba mutum ne ya koya mini ba, sabis ɗin garinmu ne. Ka san halinsa, yana zuwa kamar baƙon da ya bar tukunya a kan wuta. A duk faɗin gidan nan wuri ɗaya ne yake kamawa sosai, can lungun garken awaki, shi ma sai an kifa turmi an hau an ɗaga hannu sama sannan ya jawo na Nijar. Wata rana da hantsi ina kan turmin, na haɗu da wani mai haƙuri irin nawa na lokacin. Ya gina katanga na gina katanga, ya tara na tara. Akuya tana cin bakin zanina ban kula ba. A ƙarshe dai ruwana ya cika, na sauke Giwa, karo na farko a rayuwata. Saura in taɓa ta ta taka sarkinsa, sai abin nan mai juyawa ya fito a tsakiyar waya ya yi ta juyawa. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Da sabis ya dawo sai na tarar an rubuta wai na gudu, an ba shi nasara.

A daidai nan kakarku ta fito.

"La'ilaha illallahu! Mi kika yi bisa turmi, matag gida guda? Ba ki san an hana ba?"

Na ce, "Inna, sabis nika nema."

"Sabis na cikin turmi? Sauko maza tun mutane ba su gane ki ba. Wanga gida dai an shiga ukku."

Na sauko ina huci. Amma ina daka da yamma sai abin ya faɗo mini. Wasan nan an yi shi ne don mutanen da sabis ɗinsu ba ya motsi, masu wutar da ba ta ɗaukewa, waɗanda za su iya zama su jira Giwa ta girma. Mu nan ba a ba mu wannan lokacin ba. Mu da ko gona muka je ba ma tsayawa hira, mu yi abin da ya kai mu mu juyo tun rana na sama. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Sai na koma kan ɓerayen da kazata ta saya mini, na dube su da sabon ido.

Ga yadda na ɗaure damin, ka riƙe shi da kyau. Ɓeraye duka a ciki, iyakar yawan da doka ta yarda, don ɗigo ɗaya suke sha kuma tun zagayen farko suke fara cizo. Sai Zakara, mai shan biyu, wanda ba ya jiran komai, yana sauka yake kai sara. Sai Rina, ita ma biyu, tana tashi ta tsallake katanga ta harbi sarki. Sai Makaɗi mai shan uku, shi ba ya faɗa, amma in ya buga ganga kowane ɓera ƙarfinsa yana ƙaruwa, kamar dai yadda ake yi wa manoma a gayya. Sauran gurbin ka cika da Kibiya, wadda ake harbawa kai tsaye. Duk abin da ya wuce ɗigo huɗu kada ya kwana a daminka, ko kyauta aka ba ka. Waɗannan duka katunan banza ne da ake ba kowa, ba sai ka sayar da ko ƙwai ba. Idan aka raba hannun farko ka ga babu mai shan ɗigo ɗaya, mayar a sake maka, kada ka ji kunya.

Da wannan damin na koma kan turmi. Kafin sabis ya tuna da halinsa na gama da mutum biyu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, na gani da idona. Na nemi Bayaraben nan ban same shi ba, amma duk wanda na ci a makon nan na ɗauka ɗan'uwansa ne.

Can Zariya an ce sabis ba ya yankewa, to kada wannan ya sa ka saki jiki. Mai Dodo yana buƙatar lokaci, kai kuma aikinka ka hana shi. Haka karatun ma. Abin da aka koya muku yau ka bi ta kansa yau, kada ka tara shi kana jiran ranar da za ka zauna ka haɗiye gaba ɗaya. Mutumin Sabon Birni ya san ranar nan ba ta cika zuwa ba.

Ta huɗu halina ne na gado. Ka san ni a bakin famfo, mace ba ta yar mini da magana in wuce. To haka na shiga yi a wasan. Duk abin da abokin karawa ya sauke sai na tura ɓerayena sun kashe shi, wai don kada ya ga kamar na ji tsoro. Ina ta share fili, ina jin daɗi, sarkinsa kuwa yana zaune da jininsa cif. Kafin in farga ɓerayena sun ƙare a faɗan da ba nasu ba, shi kuma ruwansa ya cika. Sai da aka yi mini haka ya fi a ƙirga sannan na gane cewa ba a ba da nasara don yawan gawa. Sarki aka ce ka kashe, to ka nufi sarki. Ya sauke Kunkuru, bar shi ya yi ta zama, ka tura Rina ta sama. Ya sauke Zaki, bar shi ya cije ka, ai kai ma kana da jini, kuma ba don ado aka ba ka shi ba. Abu ɗaya ne ba a ƙyalewa, Mai Magani, wanda ke mayar wa sarki jininsa kowane zagaye. Shi kam da ya sauka ka ba shi Kibiya a wuya.

A makaranta za a tsokane ka. Za a kwaikwayi maganarka, za a ce ka faɗi "fura" don a ji ka ce "hura" a yi dariya, za a tambaye ka ko da gaske a garinku kowa da bindiga yake kwana. Jinin Gobir zai taso maka, na sani, don daga wurina ka sha shi. Kada ka tsaya kashe kowane Kunkuru. Ka san abin da ya kai ka. Amma wanda ka ga zai cinye maka lokaci kullum da sunan abota, wannan Mai Magani ne na abokan gaba, ka rabu da shi tun da wuri.

Ta biyar kuma zumuɗi ne. Da na ga damin yana ci, sai na riƙa zubar da duk abin da ke hannuna a fili, in cika shi maƙil da ɓeraye ina murna. Rannan wani ya bar ni na gama zubawa, sannan ya sauke kati ɗaya, wanda nake kira Ambaliya. Ruwa ya share filin tas. Na duba hannuna babu ko ɓera ɗaya. Abin ya tuna mini shekarar da babanku ya zuba duk irin da muke da shi a fadama don ya ga ƙasar ta yi kyau, gulbi ya cika ya kwashe, muka koma roƙon iri wajen 'yan'uwana a Isa. Na yi masa gori a lokacin, ashe ni ma hannuna ɗaya da nasa. Idan abin da ke fili ya isa ya yi aikin, riƙe Zakara ɗaya da Kibiya ɗaya a hannu. Ko ba a wasa ba, kada ka bari a ga ƙarshen abin da kake da shi.

Akwai kuma ranar da aka ci ni sau uku a jere, na ce wallahi ba zan tashi ba sai na rama. Na koma keke raina a ɓace, ƙafa tana taka keke ido yana kan waya. Rigar sallar matar liman ce a hannuna. Sai da ta aiko karɓa aka ɗaga rigar aka ga na ɗinke wuyan ruf, babu inda kai zai shiga. Na ce sabon yayi ne, ba ta yi dariya ba. Damin ɓeraye ba kullum yake ci ba. In aka kai zagaye na bakwai sarkin mutum yana nan da ƙafarsa, yawanci ta ƙare maka, ka yi masa barka ka fita. In aka ci ka sau biyu a jere, kifa wayar ka tashi ka sha ruwa. Kuma daɗin damin nan shi ne ana kiran salla kana iya gamawa kafin a tayar, saboda haka ba ka da hujja.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ranar nan kuna zaure kai da Nasiru da sauran abokanka, ni ina madafa ina tuƙa tuwo. Na ji Nasiru yana cewa, "Wai da gaske innarka na buga wasan ga?"

Ka ce, "Tana taɓawa. Ɓeraye ɗai ta sani. Bari ku gani, yanzu za ni koya mata hankali."

Sai wayata ta yi ƙara a kan murfin tukunya, ka aiko mini da gayyata. Ka tuna fa, kai ka aiko. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na duba sabis na ga ya ɗan leƙo har madafa, abin da bai saba ba, na ce wannan daga Allah ne. Muciya a hannun dama, waya a hagu.

Na san daminka kamar yadda na san aljihun wandonka, duk manya ne, ka tara su wata da watanni. Zagayen farko ba ka sauke komai ba, na sauke ɓera. Na biyu ba ka sauke komai ba, na ƙara biyu. Da na sauke Makaɗi sai na ji Nasiru ya ce, "Kai, tashi tsaye hwa, tsohuwag ga ba wasa taka yi ba." Ka sauke Kunkuru, na bi ta sama. Ka sauke Mai Magani, na ba shi Kibiya. Giwarka tana hannunka tana kallonka, na san kallon nan, ni ma an yi mini shi. Kafin tuwo ya yi kauri sarkinka ya faɗi.

Har nan ban yi laifi ba, kuma ba zan ba ka haƙuri a kan cin da na yi maka ba. Da na bari ka ci ni da gangan, da na raina ka ke nan. Laifina abin da ya biyo baya ne. Daɗi ya kwashe ni, na manta ni uwa ce, na manta da baƙi a zaure, na ɗaga kai na rangaɗa guɗa. Guɗa sosai, irin ta kai amarya, har kakarku ta fito da gudu tana tambayar wa ya haihu. Kuma ban tsaya nan ba, na aika maka da fuskar nan mai dariya har da hawaye, wadda na san zafinta tun daga hannun Bayarabe. Zaure ya fashe da dariya. Tun ranar na ji yara a unguwa suna kiranka Abincin Ɓeraye.

Wannan kam na yi wauta, ta fi ta kaza. Namiji a gaban abokansa ba a yi masa haka, ko da uwarsa ce, balle ma uwarsa. Ka yi haƙuri. In ka ci mutum a can, ka yi masa barka ka yi shiru, musamman in akwai masu kallo. Cin yana wucewa a manta, dariyar ce ba a mantawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ni da kai ba mu saba hira ba. In ka shigo ɗaki sai in sami abin yi, in ka yi magana sai in amsa wa bango. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kai ma ka sani. Amma shekarar nan da muka yi muna wasa, kana zaure ina ciki, na san ka fiye da duk shekarun baya. Na san in ranka a ɓace yake, don sai ka riƙa sauke kati ba tunani. Na san in kana cikin farin ciki, don sai ka tsaya jan rai. Ranar da sakamakon jarrabawarka ya fito, kafin ka gaya wa kowa na gane ka ci, daga yadda ka buga.

Kuma akwai 'yar koriyar fitilar nan da ke kamawa a gefen sunan mutum in ya shiga wasan. Lokacin da kuka je ɗaurin aure Gatawa aka ce hanya ta ɓaci, babanku ya yi ta kiran wayarka ba ta shiga, ya fita tasha neman labari. Ni ban iya tambayar kowa ba, wace uwa ce za ta fita tana cigiyar ɗan fari? Turmi na kifa na hau. Na daɗe a kai, kakarku ta gan ni ta wuce abinta. Can sai fitilar ta kama a gefen sunanka. Na sauko na ci gaba da tankaɗe, babu wanda ya san abin da na gani.

In ka kira waya daga Zariya, ka san yadda za a yi. Za ni ce lafiya lau, in ce Allah Ya yi albarka, in miƙa wa babanku. Bakina ba zai iya wuce nan ba, ko na so. Al'ada ta hana bakina kiran sunanka, amma ba ta hana idona karanta shi ba, kuma a wayar nan kaɗai nake ganinsa a rubuce kullum. Yanzu ka goge ni, wurin ya zama fili.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ni da ban taɓa roƙonka komai ba. In ka sauka, ka huta, ka ci ƙuli-ƙulinka, sai ka mayar da ni cikin abokanka. Ba sai ka buga da ni ba in har yanzu kana jin haushi. Ka dai riƙa leƙawa ko sau ɗaya a yini, bayan la'asar, fitilar ta kama in gani. In kuma ka ɗaure damin da na gaya maka kana so ka gwada shi kafin gasar, to ka aiko, ƙofa a buɗe take. Ba zan sassauta maka ba, amma na yi alkawari babu guɗa.

Kakarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa mai. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai muna raye. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kawo ranar da za a bi hanyar Isa ana barci a mota.

Jibi bayan la'asar ina kan turmi.

Wassalam.

Ni ce,
Innarka.